Waiwaye: Daga malalar mai zuwa leda, tarihin yaƙi da gurɓata teku

Har tsakiyar ƙarni na 20, gwamnatoci da masana'antu sun ɗauki teku a matsayin jujin da ba ya cika. Birane na tura masa najasa, masana'antu na tura masa dagwalon sinadarai, bayan yaƙin duniya na biyu ma an nutsar da dubban tan na makamai masu guba a Tekun Baltik. Hujjar ita ce ruwan na da yawa, duk abin da aka zuba zai surke ya ɓace.

Garin Minamata na Japan ne ya ƙaryata wannan hujja. Daga 1932 zuwa 1968 masana'antar Chisso tana zubar da ruwa mai ɗauke da zaiba a bakin tekun garin. Zaibar ba ta ɓace ba. Ƙananan halittu suka sha ta, ƙananan kifaye suka ci su, manya suka ci ƙanana, gubar na ƙara taruwa a kowane mataki har ta isa cikin masunta da iyalansu. A 1956 aka tabbatar da cutar a hukumance: makyarkyata, ƙuntatar gani, shanyewar gaɓoɓi, da jarirai da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa. Duk da haka sai da aka ƙara shekara 12 ana zubarwa, yarjejeniyar duniya kan zaiba kuwa sai a 2013 aka sa mata hannu.

Ɗanyen mai ne ya fi saurin tayar da gwamnatoci, domin ana ganinsa da ido. Amma mai da yawa ba ta hanyar haɗari yake shiga teku ba, ta aikin yau da kullum ne. Jirgin dakon mai idan ya sauke kaya sai ya yi sakayau, don haka sai a cika wasu tankunansa da ruwan teku ya samu nauyin tafiya, a wanke sauran, kafin a isa tashar lodi a tuttular da ruwan da duk ragowar man da ya kwaso. Yarjejeniyar Landan ta 1954 ta hana yin haka ne kawai a cikin mil 50 daga gaɓa.

A watan Maris na 1967 jirgin Torrey Canyon ya hau duwatsu a kudu maso yammacin Ingila, ɗauke da ɗanyen mai kimanin tan 120,000. Babu wani shiri a ƙasa. Jiragen yaƙi suka yi masa ruwan bama-bamai don man ya ƙone, aka kuma kwarara dubban tan na sinadarin wanki a gaɓa. Sinadarin ya fi man ɓarna: ya kashe halittun da ke kiwon gansakuka a kan duwatsu, gansakukar ta rufe gaɓa, aka ɗauki shekaru kafin wurin ya farfaɗo.

Daga nan aka samu yarjejeniyar MARPOL ta 1973, wadda aka gyara a 1978, ta fara aiki a 1983 ƙarƙashin hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO. Ƙarfinta shi ne ta shiga cikin ginin jirgin kansa. Ta wajabta wa manyan sababbin jirage tankunan ruwan nauyi daban da na mai. Ta kawo wanke tanki da ɗanyen man kansa a lokacin sauke kaya, don ragowar ta bi kayan zuwa tudu. Ruwan da ke taruwa a ɗakin inji dole ya bi ta na'urar tacewa, kuma ba a sakinsa idan man da ke ciki ya wuce kashi 15 cikin miliyan. Kowane motsin mai ana rubuta shi a littafin da jami'an tasha ke dubawa. Akan samu masu ha'inci da ke haɗa bututun sata ya kewaye na'urar, kuma sau da yawa saɓanin da ke tsakanin littafi da abin da ke cikin tanki ne ke tona asirinsu. Bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai kimanin tan 37,000 a Alaska a 1989, Amurka a 1990, sannan IMO a 1992, suka tilasta gina jiragen dakon mai da bango ruɓi biyu. Daga shekarun 1970 zuwa yau, yawan manyan malalar mai daga waɗannan jirage ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100.

Haka aka yi da fentin TBT da ake shafa wa ƙasan jirgi don kada halittu su manne. An gano yana lalata ɓawon kawa a Faransa, yana kuma fitar wa matan dodon koɗin teku da gaɓar maza har su kasa haihuwa. Haramcinsa ya fara aiki a 2008, kuma halittun sun fara komawa daidai a wurare da yawa.

Duk waɗannan nasarori suna da abu guda: mai laifin sananne ne. Jirgi yana da suna da tuta da inshora, kuma dole wata rana ya tsaya a tasha. Inda aka gaza shi ne abin da ke gangarowa daga tudu, wanda shi ne mafi yawa, ana ƙiyasta shi da kusan kashi 80 cikin 100.

Takin zamani misali ne. Abin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama na kwasarsa zuwa kogi, kogi ya kai teku. Can sai gansakuka ta samu abinci ta yi bunƙasar da ta wuce kima, ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin ta ƙasan ruwa. Da rani ruwan kogi mai ɗumi da rashin gishiri yakan kwanta a sama, ya hana iska sauka. Idan oksijin ya gaza miligiram 2 a lita, kifi ya gudu, ƙaguwa da sauran masu rarrafe su mutu a wurin. A Mashigin Meziko, inda kogin Misisipi ke zuba, irin wannan mataccen yanki ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700 a 2017. Babu wanda za a kama, domin takin ya fito ne daga gonaki marasa adadi, wasunsu nisan fiye da kilomita dubu daga teku.

Roba da leda ma haka. A 1950 duniya na sarrafa kimanin tan miliyan 2 a shekara, yau ya wuce miliyan 400. Tun 1972 masu bincike suka ba da rahoton gutsattsarinta a tsakiyar Tekun Atlantika, MARPOL kuma ta haramta wa jirage zubar da ita tun 1988. Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 ne suka shiga teku daga tudu a 2010 kaɗai. Rana da igiyar ruwa na farfasa ta zuwa ɓurɓushin da bai kai milimita 5 ba, wanda babu na'urar da za ta tsince shi ba tare da ta kwashe ƙananan halittu ba. Kunkurun teku na haɗiye leda, ragar kamun kifi da aka yar kuma tana ci gaba da kama kifi shekara da shekaru babu mai jan ta. A Maris 2022 a Nairobi ƙasashe 175 suka amince a rubuta yarjejeniyar roba. Zaman Busan a ƙarshen 2024 da na Janiba a Agusta 2025 duk sun watse ba matsaya, saboda wasu ƙasashe masu arzikin mai sun ƙi yarda a rage sarrafawa, suna cewa a tsaya ga kwashe shara. A ganinmu wannan matsayi ba ya ɓullewa, tunda abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Ɗaya hanyar ita ce keɓe wurare. A Cabo Pulmo na Meziko, inda mazauna da kansu suka daina kamun kifi bayan an keɓe wurin a 1995, nauyin kifin ya ninka fiye da sau biyar cikin shekara goma. Ostireliya a 2004 ta faɗaɗa wuraren da aka hana kamun kifi a babban yankin murjaninta daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 33. Sai dai keɓewa da yawa a takarda ta tsaya, ba jirgin sintiri, ba albashin masu gadi, wasu ma ana jan taru a ƙasansu ana kankare duk abin da ya tsiro. Kuma layin da aka ja a taswira ba ya tare taki ko leda ko ɗumamar ruwa.

A Disamba 2022 a Montreal aka yi alƙawarin kare kashi 30 na teku nan da 2030, alhali abin da aka keɓe a lokacin bai wuce kashi 8 da ɗoriya ba. Kusan kashi biyu bisa uku na teku yana bayan iyakar mil 200 da dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa, wato ba mallakin kowa ba ne. Yarjejeniyar da ta ba da damar keɓe wurare a can an amince da ita a Yuni 2023, ta samu amincewar ƙasa ta 60 a Satumba 2025, ta fara aiki ranar 17 ga Janairu 2026. Aikin da ke gaban ƙasashen yanzu shi ne zaɓen wuraren, da sanin wanda zai biya kuɗin gadinsu, da yadda za a daidaita da hukumomin kamun kifi da na haƙar ma'adinan ƙarƙashin teku, waɗanda yarjejeniyar ba ta ƙwace ikonsu ba.