Nazarin maziyarta: me ake nufi da shi?

Tambayi wanda ya fito daga gidan tarihi yadda ya ga wurin, zai ce maka madalla. Balle a nan Damagaram, wato Zinder, inda kunya ba ta barin baƙo ya kushe gidan da aka karɓe shi. Shi ya sa masu nazarin maziyarta ba su dogara da baki kawai, sawu suke bi. Mai nazari yakan raɓe a gefe da agogo da taswirar ɗaki, yana zana hanyar da mutum ya bi, inda ya tsaya, daƙiƙa nawa ya yi, da abin da ya wuce ko waiwaye bai yi ba.

Abin ya daɗe. A 1916 Benjamin Gilman na Boston, a Amurka, ya nuna da hotuna yadda duƙe-duƙe da ɗaga wuya ke gajiyar da mai kallo. A 1935 Arthur Melton ya gano yawancin mutane dama suke yi da zarar sun shiga ɗaki, kuma suna hango ƙofar fita sai su ƙara sauri.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Eliseo Verón da Martine Levasseur a cibiyar Pompidou ta Paris a 1983. Sun kasa masu kallo gida huɗu, suka ba kowane kashi sunan wata halitta bisa yadda yake zagaya ɗaki. Tururuwa na bin bango daki-daki, ba ta tsallake komai. Kifi na ratsa tsakiya, yana kallo daga nesa. Malam-buɗe-littafi na kai-komo tsakanin hagu da dama. Fara kuwa sai ta yi tsalle ta dira kan abin da ya kawo ta, ta bar saura.

To amma waɗannan baƙin Turai ne, masu tafiya su kaɗai suna karanta allo. Namu a ayari suke zuwa: ƴan makaranta bayan malaminsu, iyali a bayan ɗan jagora cikin lungunan Birni ko zaurukan fadar Sarki. Dattijuwar da ba ta karanta Faransanci, kunne take kasawa, kuma ta fi daɗewa inda aka ba ta labarin zamanin Sarkin Damagaram Tanimun. Ina fatan wani ɗalibin Jami'ar André Salifou ya ɗauki agogo da biro, ya zauna a gidan tarihin Zinder mako guda, ya rubuta mana inda ƙafar Badamagare ke tsayawa.