Kuɗin haya ba duka ne riba ba

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa wanda ya sayi gida mai sassa da dama a cikin birni, ya zauna a sashe ɗaya ya ba da sauran haya, kuɗin hayar za su biya masa bashin gidan gaba ɗaya. Wannan lissafi yana da gyara.

Idan ɗan haya ya tashi, sashen yakan yi makonni ko watanni babu kowa, alhali banki ba ya jira. Ga harajin gida, ga inshora, ga gyaran rufi da famfo, duk a wuyan mai gida, kuma a tsohon ginin da bangonsa ya haɗu da na maƙwabta, yoyon ruwa kaɗai na iya cinye hayar watanni. Shi ya sa a Amurka kamfanin Fannie Mae, mai sayen bashin gidaje daga hannun bankuna, yake lissafa kashi 75 cikin 100 kawai na hayar wajen duba cancantar mai neman bashi. A ganina, wajibi ne mai saye ya auna kansa da wannan ma'auni tun kafin ya sa hannu a takarda.