Baka da kibiya a farautar gargajiya ta Damagaram

Baka da kibiya su ne makaman da maharban ƙasar Damagaram suka dogara da su tun kafin bindiga ta yawaita, kuma har yanzu ana iske su a hannun mafarauta da makiyaya a ƙauyukan jihar Zinder. Ko a zamanin Sarki Tanimun, wanda mulkinsa na biyu ya kama daga 1851 zuwa 1884, lokacin da fadar Zinder ta tara bindigogi har ta sa aka ƙera igwa, bakan bai bar hannun talaka ba, domin itacensa da karansa suna daji, ƙarfensa kuma yana wurin maƙerin gari. Cikakken kayan maharbi ya ƙunshi baka da tsirkiyarsa, da kibau, da kwari, da wuƙa, amma kibiya ce ta fi buƙatar a zaɓe ta da natsuwa.

Baka da tsirkiya

Bakan Hausa sanda ce guda ɗaya, ba a haɗa ta da ƙaho ko da wani itace. Ana son itace mai lanƙwasuwa ya koma yadda yake, kamar dargaza ko ɗunɗu, ko kuwa gora inda ake samunta daga kudu. Maharbi yana duba sandar ko da gaɓa ko tsaga ko ramin ƙwaro a tsakiyarta, sa'an nan ya ja ta a hankali ya ga ko kai da gindi suna rusunawa daidai, saboda bakan da gefe ɗaya ya fi taushi ba ya aika kibiya wuri ɗaya sau biyu. Samari sukan so baka mai tauri don a ce da su ƙarfafa, alhali wanda mutum zai iya ja ya riƙe ba tare da hannu ya yi rawa ba shi ne ya fi kawo nama gida. Tsirkiya kuwa da fata ko jijiya ake murɗa ta. Tana saki da damina, tana bushewa ta yi tauri da hunturu, don haka ake shafa mata mai ita da bakan, a kuma kwance ta idan an dawo daga daji.

Kibiya

Jikin kibiya daga kyauro ake yin sa, wata doguwar ciyawa mai farin fure da ke fitowa a bakin rafi da fadama. Ana yanke shi bayan ya ƙosa, a shanya shi a inuwa, a gasa wurin da ya karkace a bisa garwashi a miƙe shi da hannu. Mai saye yakan ɗora karan a idonsa ya leƙa daga gindi zuwa kai yana juya shi, ko ya mirgina shi a tafin hannu, ya kuma ɗan lanƙwasa shi don ya ji taurinsa. Wannan gwaji na ƙarshe yana da dalili: a lokacin da tsirkiya ta tunkuɗo kibiya, karan yakan ɗan lanƙwashe kafin ya miƙe, kuma idan ya yi wa bakan laushi sai ya kauce ko ya karye a hannun maharbi, idan kuma ya yi masa tauri sai ya fita ta gefe. Saboda haka ba a raba zaɓen kibiya da bakan da za a harba ta da shi, kuma kibau goma masu kauri ɗaya da nauyi ɗaya sun fi talatin da aka tsinto daga hannu daban-daban.

Abin da ya bambanta kibiyar Hausa da ta Turai ko ta Asiya shi ne yawanci ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Nauyin ƙarfen da ke gaba ne yake jan ta ta tafi miƙe, shi ya sa maƙeri yake yi wa kan doguwar wutsiya wadda ake cusawa cikin karan, a naɗe wurin da jijiya don kada ya tsage, a kuma naɗe gindin inda aka yi wa tsirkiya tsaga. Idan aka ɗora kibiya mai kyau a kan yatsa, wurin da za ta tsaya daidai yana kusa da kai, ba a tsakiya ba. Irin wannan kibiya ta harbin kusa ce, kuma wannan ne ya sa gwanintar maharbin Hausa ta fi yawa a wajen sanɗa, da sanin inda iska take kaɗawa, da haƙurin jira.

Siffar kan tana bin dabbar da ake nema. Mai kunne, wato wadda aka fitar wa ƙayoyi masu kallon baya, ita ake yi wa gada da barewa, domin ba ta zarewa idan dabba ta ruga. Tsiko ba shi da kunne, yana shiga da sauƙi, ana kuma ciro shi a sake harbawa, ya dace da zomo da zabon daji da fakara. Ƙunda ba ta da tsini, da ita yara suke koyo a kan tsuntsaye.

Dafi

A da, ƙarfin kibiya a dafinta yake, ba a zurfin raunin ba. Tushen dafin shi ne ƴaƴan kwankwani, wani tsiro mai yaɗo wanda gubarsa take tsayar da bugun zuciya, kuma daga danginsa na gabashin Afirka ne likita Thomas Fraser na Edinbara ya tace maganin zuciya a ƙarni na 19. Akan shafa shi a wuyan ƙarfen, bayan tsinin, kuma akan yanke naman da ke kewaye da raunin a yar. Haɗarinsa ga maharbin kansa da yaran gidansa babba ne, tun da ƙwarzane kaɗan ya isa, kuma barinsa ya fi alheri ga mai farautar ƙananan dabbobi, wanda ba ya ma buƙatarsa.

Sauran kaya

Kwari na gora ne ko na itace da aka lulluɓe da fata, kuma Zinder, wadda ta yi suna da majema da dukawa, ba ta rasa masu ɗinka shi. Ana son ya zama da murfi, kibau su zauna kai ƙasa ba tare da suna kaɗawa ba, gama ƙarar kwari ta isa ta tada barewa. Rigar farauta takan zama mai duhu, ruwan ƙasa, sau da yawa ɗauke da layu. Akwai kuma burtu, kan tsuntsun da maharbi yake ɗaurawa a goshinsa, ya sunkuya cikin ciyawa yana kaɗa shi yadda tsuntsun yake yi in yana kiwo, har ya kusanci dabbar da ta saba ganin burtu ba ta tsorata ba.

Wuƙa mai kaifi wajibi ce ta fuskar addini. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a Damagaram, maharbi yana yin bisimilla lokacin sakin kibiya, kuma idan ta huda dabbar ta mutu kafin ya iso, naman ya halatta, amma idan ya iske ta da sauran rai dole ne ya yanka. Abin da duka ya kashe ba tare da huda ba mushe ne, kamar yadda ya zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, saboda haka tsuntsun da ƙunda ta kayar sai an yanka shi da ransa.

Doka

Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara izinin farauta, ta kuma ware dabbobin da aka hana taɓawa, kuma ma'aikatan gandun daji ne suke lura da ita. A arewa maso gabashin jihar Zinder, gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, yana kare ragowar adaks, wata babbar dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni, da wata irin barewa da ake kira dama, waɗanda suka kusa ƙarewa a duniya, kuma hanin ya shafi mai baka kamar yadda ya shafi mai bindiga.