Mece Ce Manhajar Garkuwa da Fayiloli?

Abin da masana kwamfuta ke kira ransomware, a Hausa sai mu ce manhajar garkuwa, don aikinta irin na masu satar mutane ne su nemi kuɗin fansa. Sai dai ita ba ta kwashe fayilolinka. Suna nan cikin kwamfutarka, amma ta kulle su da lissafin sirri, mabuɗin kuma yana hannun ɓarawon. Hotuna, takardun Word, lissafin shago na Excel, duk wanda ka danna ba zai buɗu ba. Sai sanarwa ta bayyana cewa a biya, galibi da kuɗin intanet na Bitcoin.

Ɗaya daga cikin manyan ƙofofinta shi ne fayil ɗin da aka maƙala wa imel. Wata irinta mai suna CryptoLocker, wadda ta ɓulla a 2013, ta riƙa zuwa ne cikin ƙunshin ZIP da kamannin PDF. Dabarar ita ce Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai "rasit.pdf.exe" ya fito a matsayin "rasit.pdf", alhali .exe manhaja ce, ba takarda ba. Gyaran ba ya cin minti ɗaya: buɗe File Explorer, shiga View, ka kunna nuna wutsiyar suna. Daga nan, duk abin da ya zo ta imel yana ƙarewa da .exe, .scr, .js, .vbs, .bat ko .iso, kada ka buɗe shi, ko da sunan maigidanka ne a kai. Kira shi a waya ka tabbatar, domin ana iya ƙirƙirar sunan mai aikawa.

Wata mai suna Locky kuwa, a 2016, takardar Word ta gaske take aikowa, wai takardar neman biyan kuɗi. Rubutun ciki a hargitse yake, sai a ce ka kunna makuro, wato umarnin da ake sakawa cikin takardar Word, don ya gyaru. Wannan dannawar ce ke sakin ƙaramin umarnin da ke sauko da cutar. Tun 2022 Microsoft ta fara toshe irin waɗannan umarnin a fayilolin da suka zo daga intanet, amma tsofaffin Office da ba a sabuntawa suna nan a buɗe.

WannaCry, wadda ta bazu ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta wata ɓarakar Windows ta bi, wadda an riga an fitar da facinta tun Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama.

In manhajar garkuwa ta shiga kwamfutarka, cire wayar intanet, kashe waifai, zare filasha nan take. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar mabuɗi; fara duba shafin No More Ransom, akwai mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Abin da ke ceto da gaske shi ne ajiya: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya a wani wuri daban. Kuma da zarar ka gama kwafa ka zare faifan ajiyar, don in ta tarar da shi a jone, shi ma za ta kulle shi.