Sangorski da Sutcliffe da Littafin da Ake Kira Babban Omar

Sangorski da Sutcliffe gidan ɗaurin littattafai ne da aka kafa a birnin Landan a shekarar 1901. Ya yi suna wajen yi wa littattafai bangon fata mai ado da zinariya da duwatsu masu daraja, da kuma fitar da littattafan da aka rubuta da hannu aka ƙawata su da zayyana, a zamanin da injin ɗab'i ya daɗe da raba wannan sana'a da kasuwa. Mutum biyu ne suka kafa shi, Francis Sangorski da aka haifa a 1875 da George Sutcliffe da aka haifa a 1878. Aikinsu da ya fi shahara shi ne bangon da suka yi wa waƙoƙin Umar Hayyam, wanda masu sha'awar littattafai suke kira Babban Omar, wanda kuma ya nutse tare da jirgin ruwan Titanic a shekarar 1912.

Yadda sana'ar ta farfaɗo

Tun da ɗab'i ya yaɗu a Turai a ƙarni na goma sha biyar, rubuta littafi da hannu ya yi ta ja da baya, har aka wayi gari dabarun fiƙe alƙalami da na ɗora zinariya a kan shafi sun kusa ɓacewa a Ingila. William Morris, mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, na cikin waɗanda suka fara waiwayar su, domin a shekarun 1870 ya rubuta littattafai da hannunsa yana kwaikwayon magabata. Amma wanda ya mayar da abin ilimi mai ƙa'ida shi ne Edward Johnston, wanda ya zauna yana nazarin tsofaffin rubuce-rubuce a gidan tarihi na Birtaniya har ya fahimci cewa kaurin harafi da sirantarsa daga faɗin bakin alƙalami da yadda ake karkata shi suke fitowa, ba daga danna hannu ba. Ya fara koyarwa a Babbar Makarantar Fasaha da Sana'o'in Hannu ta Landan a 1899, ya kuma wallafa littafinsa na koyar da rubutu da zayyana a 1906. Ɗalibinsa Graily Hewitt ya duƙufa a kan sirrin ɗora zinariya, sa'annan almajiransu suka kafa ƙungiyar marubuta da masu zayyana a 1921.

A wannan makaranta ce Sangorski da Sutcliffe suka haɗu a 1896, a ajin yamma na ɗaurin littafi da Douglas Cockerell yake koyarwa. Daga baya suka yi aiki a shagonsa, kafin su buɗe nasu a wani ɗan ɗaki na saman bene a unguwar Bloomsbury.

Akwai wata alaƙa ta gaskiya tsakanin wannan tarihi da ƙasar Hausa. A ƙarshen ƙarni na goma sha tara an lura cewa fatun da masana'antun Turai suke jema da sinadarai masu ƙarfi suna ruɓewa a jikin littattafai cikin 'yan shekaru, suna zama gari. Cockerell, a littafin da ya wallafa a 1901, ya yaba wa fatar akuya da ake kawowa daga yankin Kogin Kwara, saboda kyan launinta da juriyarta. Irin wannan fata ce majema suke jema da bagaruwa, kuma jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi su ne suka fi suna a kanta. Har yau maɗauran littattafai a Turai suna daraja ta.

Hannaye uku a kan littafi ɗaya

Littafi irin wannan yakan ratsa hannun marubuci da mai zayyana da maɗauri, ko da yake wani lokaci mutum ɗaya yakan haɗa biyu na farko. Ba a kan takarda ake rubutun ba, a kan fatar maraƙi ake yi, wadda aka jiƙa a ruwan farar ƙasa, aka cire gashinta, aka miƙe ta a kan katako aka kankare har ta yi laushi da fari. Kafin alƙalami ya taɓa ta sai an goge ta da gari mai laushi don a cire maiƙo, in ba haka ba tawada ba za ta zauna ba. Alƙalamin kuwa gashin fiffiken dinya ne ko na talo-talo, a fiƙe shi da wuƙa a tsaga bakinsa, kuma duk wanda ya taɓa ganin alaramma yana gyara alƙalamin kara zai gane aikin nan take.

Ɗora zinariya ya fi komai neman haƙuri. Ana kwaɓa alli da farar dalma da manne da ɗan sukari, a ɗiga kwaɓin da alƙalami a cikin zanen harafi har ya ɗan taso kamar ƙurji, a bar shi ya bushe. Daga nan mai zayyana zai sunkuya ya huro masa numfashi a hankali, domin damshin bakinsa ya farkar da danƙon, nan take ya ɗora zinariyar da aka buge ta fi fatar albasa siranta, wadda ko iska kaɗan tana iya kwashe ta. Idan ta kama, sai ya goge ta da santsin dutse har ta riƙa ɗaukar ido. Da yake harafin a tashe yake, haske yakan yi wasa a kansa duk lokacin da aka juya shafi, abin da babu injin ɗab'in da yake iya kwaikwaya.

A wannan fanni gidan ya dogara da Alberto Sangorski, yayan Francis, wanda aka haifa a 1862. Ya daɗe yana aikin akawu a wajen wani maƙerin zinariya, bai kama rubutu da zayyana ba sai da ya haura shekara arba'in, amma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa. A wajen 1910 suka sami saɓani da ƙanensa, ya koma yi wa gidan Riviere aiki, wanda shi ne babban abokin gogayyarsu. Ya rasu a 1932.

Maɗauri shi ne na ƙarshe. Zai ɗinke shafukan a kan igiyoyi, ya zura bakin igiyoyin a cikin kwalin bango, ya lulluɓe da fata. Don yin zane mai launuka, yakan fere wasu fatun su yi siriri sosai, ya yanka su ƙanana daidai da ganye ko fure ko gashin tsuntsu, ya liƙa kowane a gurbinsa. Sa'annan ya shafa farin ƙwai, ya shimfiɗa zinariya, ya danna ƙananan hatimai na tagulla da aka ɗumama a wuta, ɗaya bayan ɗaya, sau dubbai. In zafin ya yi yawa fata ta ƙone, in ya yi kaɗan zinariya ta ƙi kamawa, kuma ba a gyara kuskure. Su kuma duwatsun, ana zaunar da kowane a cikin ɗan gida na ƙarfe da aka nutsar a jikin kwalin. A nan al'adar ta sha bamban da ta marubutan Alƙur'ani na Kano da Barno, waɗanda ba sa ɗinke warƙoƙi, sai dai su tara su tsakanin tadarishi su sa a gafaka, ƙawar kuma ta tattaru a zayyanar cikin shafi da aikin badukun da ya ɗinka jakar.

Babban Omar

A shekarar 1909 John Stonehouse, manajan kantin littattafai na Sotheran da ke Landan, ya ba Francis Sangorski aikin yin bangon da ba a taɓa ganin irinsa ba, ba tare da ya ƙayyade masa kuɗin da zai kashe ba. Littafin da aka zaɓa shi ne Rubayyat, wato baitoci masu ɗango huɗu da ake jingina wa Umar Hayyam, masanin lissafi da taurari na Naisabur a ƙasar Farisa, wanda ya rayu daga 1048 zuwa 1131. Fassarar da Edward FitzGerald ya yi zuwa Turanci, wadda ta fara fitowa a 1859, ta karɓu ƙwarai a Ingila da Amurka a lokacin. Abin lura shi ne cikin wannan littafi ba rubutun hannu ba ne, bugu ne na 1884 mai ɗauke da zane-zanen Elihu Vedder, don haka duk gwanintar gidan a bango ta bayyana.

Aikin ya ci shekara biyu, aka gama a 1911. An sa duwatsu kimanin 1,050 da gutsattsarin fata masu launi kusan 5,000. A gaban bangon akwai ɗawisu uku da suka baza jela a ƙarƙashin kurangar inabi, a bayansa kuma hoton wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka yi da katako da wasu kayan ado. Da an buɗe, cikin bangon gaba yana nuna maciji a kan itacen tuffa, na baya kuma ƙoƙon kan mutum mai haƙoran hauren giwa, fure na tsirowa daga kwarmin idonsa. Zanen ya bi ma'anar waƙoƙin, waɗanda suke yawan tunatar da gajartar rayuwa, kuma wannan dacewa ta bango da abin da ke ciki ita ce ta fi yawan duwatsun cancantar yabo.

Kasuwa ba ta yi wa littafin adalci ba. An sa masa fam 1,000, aka tura shi New York, jami'an kwastan suka nemi haraji mai nauyi, kantin ya ƙi biya, aka dawo da shi. A watan Maris na 1912 aka yi gwanjonsa a gidan Sotheby, inda wani dillalin littattafai na Amurka ya saye shi a kan fam 405, wato ƙasa da rabin kuɗin da aka sa masa. Aka ɗora shi a Titanic, jirgin ya nutse a Tekun Atlantika ranar 15 ga Afrilu, 1912, kuma ba a sake ganin littafin ba. Ba a cika wata uku ba, ranar 1 ga Yuli, Francis Sangorski shi ma ya rasu a ruwa a gaɓar Selsey da ke kudancin Ingila, bai kai shekara arba'in ba.

Zanen asali ya tsira a shagon, kuma da shi Stanley Bray, ɗan 'yar'uwar Sutcliffe, ya sake yin wani tsakanin 1932 da 1939. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka adana shi a wani ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa a titin Fore a Landan, amma bama-baman Jamus suka faɗa a unguwar, zafin gobara ya gasa fatar ta ƙone. Bray ya tsince duwatsun da suka tsira daga toka, ya sake kama aikin karo na uku a lokutan da yake da sarari, bai kammala ba sai a shekarar 1989. Wannan na uku yana Ɗakin Karatu na Birtaniya a yau.

Sutcliffe ya ci gaba da jagorantar gidan har rasuwarsa a 1943, Bray ya gaje shi. A 1988 aka haɗe shi da tsohon gidan ɗauri na Zaehnsdorf, sa'annan a 1998 kamfanin Shepherds ya saye shi ya ci gaba da aiki da sunan. Littattafan da Alberto ya rubuta da waɗanda gidan ya ɗaure suna warwatse a ɗakunan karatu na jami'o'i da hannun masu tara littattafai, musamman a Amurka. Stanley Bray ya rasu a 1995, shekara shida bayan ya ɗora dutse na ƙarshe a jelar ɗawisun.