Ƙimar Kuɗin Haya a Alawus ɗin Gidan Malaman Addini a Amurka

Ƙimar kuɗin haya ita ce abin da gida zai kawo da an ba da shi haya da kayan ɗaki a ciki. A Amurka da ita ake iyakance alawus ɗin gidan da sashe na 107 na dokar harajin tarayya ya yafe wa malaman addini haraji a kansa, wato fastoci da limamai da malaman Yahudawa.

Tarihi

Tun a dokar 1921 aka daina karɓar haraji a kan gidan da coci ta zaunar da fastonta. A 1954 rangwamen ya game da waɗanda ake ba kuɗi su nemi muhallin kansu. Dokar ba ta ambaci ƙimar haya a matsayin iyaka ba, sai a 1971 hukumar haraji ta IRS ta ce kada abin da ake yafewa ya wuce ƙimar hayar gidan. Fasto Rick Warren na cocin Saddleback da ke Kalifoniya ya ja da wannan, kuma a 2000 Kotun Haraji ta ba shi gaskiya. Da hukumar ta ɗaukaka ƙara, sai alƙalai suka fara tambayar ko rangwamen kansa ya dace da tsarin mulki. Ganin haka majalisa ta hanzarta sanya iyakar cikin doka a 2002, aka kuma rufe shari'ar. Masu cewa rangwamen fifita addini ne sun sake gwadawa, amma kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago ta tabbatar da shi a 2019.

Yadda ake lissafi

Mafi ƙanƙanta cikin abubuwa uku ake yafewa: adadin da coci ko masallaci ya ware a hukumance kafin biya, abin da malamin ya kashe wa gidan, da ƙimar haya. Misali, an ware dala 30,000, an kashe 27,000, ƙimar haya kuwa 24,000. Za a yafe 24,000, a biya haraji kan ragowar 6,000.

Doka ba ta shimfiɗa hanyar gano ƙimar ba. Abin da ya fi karɓuwa shi ne a duba gidajen haya uku ko huɗu a unguwa ɗaya, masu kusan girma da shekaru da yawan ɗakuna, a ɗauki tsaka-tsakinsu. A kan wannan ake ƙara hayar kayan ɗaki da gareji, da kuɗin wuta da ruwa da gas na shekara. Takardar dillalin gidaje ko ƙwararren mai ƙiyasi ta fi ƙarfi idan binciken hukumar haraji ya taso, don nauyin kawo hujja a kan malamin yake. Wasu kan ɗauki kashi 1 cikin 100 na darajar gidan a matsayin hayar wata, sai dai wannan ba shi da tushe a doka, kuma yakan zarce gaskiya inda gidaje ke da tsada.

Inda ake kuskure

Shekarar sayen gida ce ta fi kawo matsala: kuɗin kafin alƙalami da gyare-gyare kan haura ƙimar haya, rarar kuma ba a ɗauke ta zuwa baɗi. Alawus ɗin da aka ware bayan an biya albashi ba ya komawa baya. Gida ɗaya tak ake yafewa. Rangwamen kuma bai shafi harajin fansho da kiwon lafiya na masu aikin kansu ba, mai kashi 15.3 cikin 100.