Gidan roba na jabu a cinikin kwandalar zinariya

Gidan kwandala wani ɗan akwati ne na roba mai tauri da ake hango abin da ke cikinsa, wanda kamfanonin tantancewa ke rufe kwandala a ciki bayan sun tabbatar da sahihancinta sun kuma yanka mata daraja, wato makin da ke nuna kyan yanayinta. A samansa akwai ƴar takarda ɗauke da sunan kwandalar, shekarar da aka buga ta, darajarta da lambar rajista. Gidan jabu shi ne wanda ƴan damfara suka kwaikwaya, ko na gaske da suka fasa suka musanya abin da ke ciki.

Asalin tsarin

A Amurka abin ya samo tushe. An kafa kamfanin tantancewa na PCGS a jihar Kalifoniya a 1986, NGC ya biyo baya a 1987, kuma su biyun ne suka fi suna a duniya. Suna aiki da ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, mai hawa daga 1 zuwa 70. Kwandalar da ba ta taɓa yawo a hannun mutane ba tana faɗawa tsakanin 60 da 70. A kwandalar da ba a cika samun irinta ba, tazarar maki ɗaya tak na iya ninka farashi, kuma wannan ne ya sa takardar kanta ta zama abin sata. A 2008 kamfanonin suka fara gargaɗi a fili kan gidajen jabu da ke fitowa daga Sin.

Yadda ake damfarar

Mafi yawa ana saka kwandalar jabu a gidan jabu. Akwai kuma wadda ta fi wuyar ganewa: kwandala ta gaske, ta zinariya, amma mai ƙaramar daraja, an manna mata takardar babbar daraja. Nan maƙeri zai gwada ya ce zinariya ce, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai mai saye ya biya kuɗin abin da bai samu ba.

A Yamai matsalar tana da wata fuska. Masu sayen zinariya a birnin, waɗanda gwal ɗin Komabangu da na Jado ya ratsa hannunsu, sun saba da hanyoyinsu: a goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan asid, a aza a sikeli, a auna a cikin ruwa. Gidan roba yana toshe waɗannan hanyoyi gaba ɗaya, domin ba a taɓa kwandalar sai an fasa shi, in an fasa kuwa shaidar kamfani ta tashi.  Babu ɗaya daga cikin kamfanonin biyu da ke da ofishi a Nijar.

Alamomin da ake dubawa

Matakin farko shi ne a shigar da lambar rajista a shafin intanet na kamfanin. Abin takaici, mutane da yawa nan suke tsayawa. Fitowar lambar ba ta wanke gidan ba, saboda masu jabu lambar gaske suke kwafa daga hotunan gwanjo, su buga ta a gidaje da dama. Abin da ke raba gardama shi ne hoton da kamfanin ya ajiye, idan akwai. Kowace kwandala tana da tabonta: ɗan ƙarzane a kumatun sarkin da ke jiki, ɗigon ja kusa da shekara, wani lotsi a baki. Sai a ɗauki tabarau mai ƙara girma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Tabon da ke hoto amma babu shi a hannu, ko wanda ke hannu babu shi a hoto, ya isa a fasa ciniki.

Sai bakin gidan. Kamfanonin ba sa amfani da gam. Na'ura ce ke narka gefen robar ta haɗe shi. Saboda haka busasshen gam, farin hazo a kusurwa, ko gefen da farce ke iya shiga, duk alamun an buɗe ne. Rubutun takarda ma yana tona asiri, haruffa su yi kauri ko su dushe, tambarin kamfanin mai walƙiya ya ƙi sauya launi in an karkata shi. Ana kwatantawa da gida na zamani ɗaya, tunda kamfanonin sun sha sauya fasali. Daga 2020 PCGS ya riƙa saka ƴar na'ura a cikin gidajensa wadda waya ke karantawa idan an kara ta.

Nauyi da ƙarfe

Kwandalar Faransa ta faran 20, wadda ake kira Napoleon, giram 6.45 ce; fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98; Krugerrand ta Afirka ta Kudu, da aka fara bugawa a 1967, giram 33.93. A cikin gida ba a samun wannan awo daidai sai an kwatanta da wani gida irinsa mai kwandala iri ɗaya. Ko nauyin ya yi daidai akwai sauran magana, domin ƙarfen tangistan, da masu jabu ke yi wa rufin zinariya, kusan nauyinsa ɗaya da zinariya, kuma maganaɗisun hannu bai isa ya tona shi ba. Na'urar da ke haska fuskar ƙarfe rufin sama kawai take gani. Wadda ke auna yadda lantarki ke ratsa ƙarfe ta fi amfani a nan, tana kuma aiki ta cikin roba.

Ba a cinikin biri a sama, don haka dillalan da suka san kan abin ba sa biya a kan hoton waya. Wanda kuwa zinariyar kawai yake so, don ajiya ko kayan aure, ba ya bukatar biyan kuɗin daraja: yakan yi sharaɗi da mai sayarwa a fasa gidan gaban maƙeri, a gwada, a biya bisa giram da farashin ranar.